Tambaya da Amsa: Wuƙar Baba ta naɗe ta yanke ƙanena, lalacewa ta yi ko in sayar da ita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Daga wani ƙauye nake rubuto maka a ƙasar Gumel. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar wata wuƙar aljihu mai naɗewa, tun yana kai shanu Maigatari yana shiga Nijar yake da ita. Ƙotarta farin ƙarfe ne falle ɗaya da aka lanƙwasa, an rubuta El Baraka a jiki da wani zane irin tambarin Agadas, sai ɗan zobe a gindi. Kwana huɗu kenan ƙanena ya ɗauka zai huda murfin jarka kawai ta naɗe masa a yatsa, ta yanke shi sosai, aka zuba masa man birki aka ɗaure, yanzu kan yatsan baya lanƙwasuwa. Wallahi hankalina a tashe yake. Wani mai gyara ya ce makullinta ne ya mutu, in kawo ya bubbuge ta ko ya ɗiga mata walda. Wani kuma ya ce kar in yarda, irin ta Turawan da ce, akwai masu saye miliyan biyu. Don Allah Malam wanne zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, Allah ya ba ƙanenka lafiya.

Kafin maganar wuƙa, yaron nan a kai shi babban asibiti yau, ba gobe ba, kuma ba kemis ba. Ni aikin ƙarfe na gada, ba likita bane, amma na ga yatsu da yawa a bakin rumfata, in ka ga kan yatsa ya daina lanƙwasuwa bayan yanka to ana tsoron jijiyar da ke jan yatsan ce ta tsinke, kuma ita ɗinkinta da wuri ake so, in an ja lokaci sai ta ja baya aikin ya yi wahala. Man birki kuwa na mota ne, ba na jikin ɗan Adam ba, ban san wanda ya koya wa mutanenmu wannan abu ba. A gaya wa likita abin da aka zuba, kuma a tambayi allurar tetanos, wato ta ciwon sarƙe haƙora. Kar wani ya ce maka ai wuƙar bata da tsatsa ba sai an yi ba, ƙwayar cutar a ƙasa da kashin dabbobi take zaune, kuma ku gidan masu shanu ne.

To yanzu wuƙar. Bata lalace ba. Makullinta bai mutu ba, domin tun ranar da aka ƙera ta bata da makulli.

Wannan ita ce maganar da nake yi kusan kullum har bakina ya gaji, ran Juma'a a kasuwar Wudil sai in faɗe ta sau nawa, mutum zai buɗe wuƙa ya ji ta yi ƙas, sai ya ce maka ta kulle. Bata kulle ba wallahi! Wannan ƙarar sifirin ne da ke bayan ƙota ya faɗo ya kwanta a kan gindin ruwan wuƙar, dannawa kawai yake yi, kamar mutum ya dafe ƙofa da tafin hannu, ba sakata aka saka ba. Ka ɗauke ta yanzu ka gwada da kanka, ka riƙe ƙotar ta gefe da gefe yatsunka basa kan ramin da ruwan ke shiga, ka danna bayan ruwan da tafin ɗaya hannun. Zaka ga ta tafi, ba wani abu da ka ja, ba wani abu da ka latsa. To duk abin da tafinka ya iya yi, jarka ma zata iya, itace ma zai iya.

Ga yadda abin yake. In kana yanka, kaifi yana kan igiya ko goro ko rake kana dannawa, ƙarfin yana tura ruwan wuƙar baya ne ya jingina da kan sifirin, a nan ƙarfe ne kan ƙarfe, ko ƙato ne ba zai naɗe ta ta wannan hanyar ba. Amma da zarar ƙarfi ya zo ta bayanta, ba abin da ya rage sai dannawar sifirin ɗin nan. Kuma huda ita ce babbar hanyar da ƙarfi ke juyawa. Ƙanenka ya kafa tsini a murfin jarka, robar tana da tauri tana da santsi, ya sa nauyin jikinsa, hannun ya ɗan karkace kaɗan ko tsinin ya zame, shikenan ruwan ya dawo gida, yatsansa kuma yana kan hanya. Kuma abin da mutane basu gane ba, wuƙa mai sifirin mai ƙarfi irin taku ta fi wuyar fara naɗewa, amma in ta tashi da ƙarfi take faɗowa, sifirin ɗin da kansa yake taya ta. Shi ya sa raunin yake yin zurfi.

Hanya ta biyu da take cin mutane ita ce in ta maƙale. Kana feran rake ko kana sassaƙa sanda, ruwan ya cije a gaɓa, sai ka fizgo ƙotar sama don ka cire. Ruwan yana riƙe a cikin itace, ƙota ta ɗago, kaga kenan kai da hannunka ka naɗe ta. Na taɓa ganin wani dattijo mai saƙar igiyar rama a gefen rumfata, shekara da shekaru yana riƙe da irin wannan wuƙa, rana ɗaya ya sa ta zai ɓanɓare kullin da ya cije, ya murɗa tsinin a ciki, ta rufe masa a kan yatsu biyu, jini har kan tabarmar da yake zaune. Ba rashin sani bane ma a wurinsa, gaggawa ce, mai igiya yana tsaye a kansa. To ina ga yaro da aka ce masa ta kulle?

Sannan zoben nan na gindi, shi ma yana ruɗar jama'a. Mutanenmu sun saba da Okapi mai zobe, wadda sai ka ja zoben bayanta sannan ta saki, to ita wannan tana da abin riƙewa na gaske. Sai a ɗauka duk wuƙa mai zobe haka take. Na jikin taku na ɗaura igiya ne ko ratayawa, ba ruwansa da ruwan wuƙa ko kaɗan. Ita kanta Okapi, da aka fara ƙerawa a Solingen ta Jamus a 1902 kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988, akwai mai makulli akwai marar makulli, suna ɗaya ne, aiki daban.

Don haka ba a suka da ita, ba a huda gwangwani ko jarka ko taya, ba a ɓalle murfin fenti, ba a kwance noti ko sukuru da tsininta, ba a dukan bayanta da itace don faskare, kuma don Allah ba a yankan layya da ita, dabba tana motsi, ruwan gajere ne, zaka wahalar da dabba ka sa hannunka a haɗari. Huda aikin basilla ne ko ƙusa mai zafi. Iyayenmu da suka riƙe waɗannan wuƙaƙe shekara arba'in yatsunsu goma cif, ba makulli ne ya tsare su ba, sun san me ake yi da ita. Malamin allo zai zaro ta ya fiƙe alƙalamin gamba ya tsaga bakinsa, ya goge a gefen riga ya mayar aljihu. Bafatake ya raba goro, ya yanke igiyar ɗaure buhu, ya gyara farce. Ko Turawan Ingila ƙaramar wuƙar aljihu da sunan alƙalami suke kiranta, saboda da ita suke fiƙe gashin tsuntsun da suke rubutu da shi. Mu ne yanzu muke ba yaro wuƙa ba tare da mun zaunar da shi minti biyar mun nuna masa ba, ran da ta yanke shi sai a ce wuƙar ce ta lalace, ko a ce sammu ne, ko baki. A ji tsoron Allah, jinin yaro amana ne a wuyan babba.

Shi kuma mai gyaran da ya ce makulli ya mutu, ko bai sani ba ko yana son ɗari biyar ɗinka. Kar ka bashi. In ya bubbuge ƙusar tsakiya wuƙar zata yi tauri, sai ka ɗauka ta riƙe, sai ka ƙara amincewa da ita, bayan sati biyu ta saki ta koma yadda take, kaga ya ƙara maka haɗari ne. In kuma ya matse leɓen ƙotar a bayan ruwan to ba zata sake shiga gidanta ba, ka koma yawo da tsirarar wuƙa ba kube. Walda kuwa ita ce kisan gaba ɗaya, zafin zai kashe sifirin ya kashe taurin ruwan, sai ta koma kamar langa-langa, ka wasa da safe ta dakushe kafin azahar. Irin waɗannan nawa aka kawo min, an gama kashe su sannan a ce in tayar.

Asalinta kuma, daga abin da ka siffanta, 'yar gidan Douk-Douk ce, kamfanin Cognet ke yinta a garin Thiers na Faransa, garin maƙeran wuƙa ne tun ɗaruruwan shekaru, da ruwan kogi suke juya duwatsun wasa. A 1929 suka fara, da niyyar sayarwa a tsibiran Melanesiya da ke tekun Pasifik, shi ya sa ta asalin take da zanen wani dodon mutanen can a ƙotarta. Can bata karɓu ba, sai ta sami kasuwa a Arewacin Afirka da sauran ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka. Da yake Musulmi basa son hoton mai rai a jikin kaya, sai suka fitar da El Baraka, aka cire dodon aka sa tambarin Agadas na Buzaye. Kaga ba abin mamaki bane mai hulɗa da Nijar ya shigo da ita ta Maigatari. Gaba ɗayanta ƙarfe shida ne, ruwa, ƙota, sifirin, ƙusa biyu da zoben nan, shi ya sa take daɗewa. Kuma rashin makulli ba arha ko ƙaranta ba ne, haka tsarin yake tun maƙeran Sheffield na Ingila, ƙananan wuƙaƙen Victorinox na Suwizalan da Karl Elsener ya kafa kamfaninsu a 1884 har yau sifirin ne kawai, wuƙar Opinel ta Faransa ma da ta fara a 1890 sai a 1955 aka ƙara mata zoben kullewa.

Maganar miliyan biyu kuwa, ka ce wa mai maganar ya kawo kuɗin a hannu. Ba zai kawo ba. Irin labarin tsohon dutsen guga ne da kwabo mai huji, a ce akwai wani Bature ko Balarabe da ke jira, ƙarshe kai za a ce ka ba da kuɗin mota da kuɗin gwaji, ko a karɓi kayan a ce za a kai a nuna, shikenan. Wuƙar nan an yi ta da yawa sosai don talaka, kuma har gobe kamfanin yana ƙera ta, sabuwa a can 'yan Yuro gomomi ce. Gaskiya ne akwai masu tara tsofaffin wuƙaƙe a Turai da Amurka kuma suna biya, amma abin da suke dubawa shi ne hatimin maƙera yana nan a bayyane, ruwan bai cinye da wasa ba, ba a canja komai ba, kuma irinta ba yawa. Wadda ta yi shekaru tana aiki a aljihun mai shanu da wuya ta cika wannan. Jabu ma sun cika kasuwa. A ganina ka riƙe ta, abin da za a baka bai kai zufan Baba da ke jikinta ba, sai dai ka tuna kayan gado ce, ka yi magana da sauran magada su yafe maka ko ka biya su rabonsu.

Kula da ita ba wuya. Baƙin da ke jikin ruwan ba tsatsa bane, baƙin ƙarfe haka yake rinewa in yana yankan goro da lemo, ka bar shi, har kariya yake yi. Jan nan mai gari-gari shi ne tsatsa, ka goge da toka da tsumma mai ɗan mai, a hankali, kar ka bi ta kan rubutun. Mahaɗar ka wanke da ɗan kananzir yashi ya fita, ta bushe, ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya, ban da man gyaɗa don daskarewa yake yi ya kama ƙura. Kar ka kai ta injin wasa, in ka ga tartsatsi na tashi bakin ya yi shuɗi to an ƙona kaifin. Dutse mai laushi da ruwa ya isa, ka gama a bayan tsohon belet na fata. In zaka rufe, yatsu a gefen ƙota, tafin ɗaya hannun a bayan ruwan, ka raka ta har ta kwanta, kar ka rufe ta a cinya da hannu ɗaya yadda samari ke yi.

In ƙanenka ya dawo daga asibiti ka rubuto min abin da likita ya ce game da yatsan, kuma ka haɗo da hoton ƙotar da gindin ruwan ta ɓangare biyu, a hasken rana, in duba hatimin.