Tambayi Likita: Ƙaranbau ya shigo gidan haya, ya za a yi da yaran?

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin da suka shigo min wannan karon kusan duk maganar ƙaranbau ce, daga unguwannin Legas irin su Agege, Mile 12, Idi-Araba har Obalende, to sai na ce bari in haɗa su wuri ɗaya in amsa. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya daga wata uwa a Agege: Likita dan Allah ƴata ce mai shekara 3, shekaranjiya ta fara zazzaɓi yau kuma ƙuraje masu ruwa sun feso mata a ciki da baya da fuska har cikin gashi, sai susa take tana kuka. Uwar mijina tace kar a sake a mata wanka sai sun gama fitowa kuma a shafa mata toka. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Sannu Maman yarinya, Allah ya bata lafiya. Yadda kika kwatanta ɗin nan yafi kama da ƙaranbau, don haka yake farawa, jan ɗigo ya fito, ya kumbura ya tara ruwa, ya fashe sannan ya bushe yayi ɓawo, kuma basa fitowa lokaci ɗaya, zaki ga yau wasu na bushewa wasu sababbi na fitowa har wajen kwana 4 zuwa 5, kar wannan ya tsorata ki. Yaro mai lafiya yakan yi ƙuraje 250 zuwa 500 a ciwo ɗaya kuma ya warke sarai.

Maganar wanka kuwa, ki gaida Hajiya da kyau ki lallaɓa ta, amma a yi wankan. Ƙwayar cutar bairos ce, tana cikin jini tun kafin ki ga ƙurji ko ɗaya, ruwa baya maida ita ciki kuma baya hana ta fitowa. Abin da nake tsoro a ƙaranbau ba ƙurajen bane, dattin da zai shiga cikinsu ne bayan yarinya ta sosa da farce, kuma kin san zafin Legas da gumi ga wuta babu tabbas balle a ce fanka na juyawa, in aka bar yarinya kwana biyar ba wanka ai mu da kanmu muka gayyato ciwon. Ki mata wanka da ruwa mai ɗan ɗumi kaɗan ko wanda ba sanyi ba zafi, sau biyu ko uku a rana, da sabulu mara ƙarfi, banda soso, in kin gama ki riƙa dannawa da tawul a hankali kar ki goga. Tawul ɗin ya zama nata ita kaɗai.

Toka, farar ƙasa, manja, man zafi, duk a ajiye su. Haka mayukan nan na kemis da ake ce musu uku-a-ɗaya waɗanda mata ke shafa wa kowane irin ƙurji, yawancinsu akwai sitiroyid a ciki, shi kuwa yana rage ƙarfin fata wajen yaƙi da cuta, a ƙaranbau ɓarna yake yi. Abin da zaki shafa shi ne kalamin, ruwan maganin nan mai kalar hoda, ki ɗiga da auduga kan ƙurajen amma banda kusa da ido da cikin baki. Ki yanke mata farce ƙasa-ƙasa, da dare ki saka mata safa a hannu, kaya kuma na auduga marasa nauyi. In ƙaiƙayin ya hana ta barci, tunda ta wuce shekara 1 ana iya bata Piriton na ruwa, ki sa ma'aikacin lafiya ya faɗa miki awon da ya dace da ita. In akwai ƙurajen a baki zata ƙi abinci, kar ki matsa mata da mai yaji ko tsami, ki bata kunu, koko mai sanyi, yogot, ruwa akai-akai. Ruwan shi ne dole, abinci zai biyo baya.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Mile 12: Likita yarona ɗan shekara 5 ne yake ƙaranbau jikinsa zafi rau. Na je kemis an haɗa min ibuprofen na yara da Ampiclox, wani maƙwabcina kuma yace in ɗan gutsura masa Alabukun zazzaɓin zai sauka nan take. Wanne zan fara bashi?

Amsa: Alhaji babu ko ɗaya a cikin ukun nan, kuma wannan ce tambayar da tafi ɗaga min hankali a duk saƙonnin. Alabukun asfirin ne da sinadarin kafeyin a ciki. Yaron da ke ƙaranbau ko mura in ya sha asfirin yana iya kamuwa da wata matsala da muke kira ciwon Reye, hanta da ƙwaƙwalwa ke kumbura, yaro ya fara amai ba tsayawa, ya rikice, ya suma. Ba kasafai take faruwa ba amma in ta faru tana kisa, don haka a ƙa'ida ba'a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin sai likita ne ya rubuta saboda wani dalili na daban. Ka riƙa karanta jikin kwali ko takarda, duk inda ka ga asfirin ka ajiye.

Ibuprofen magani ne mai kyau a wasu lokutan amma banda ƙaranbau, saboda an lura yaran da suka sha shi a wannan ciwon sun fi samun mummunan ciwon fata wanda ke cin nama ta ƙasa. Shi kuma Ampiclox na kashe bakteriya ne, baya taɓa bairos ko kaɗan, kuɗinka kawai zaka zubar kuma ka jawo wa yaro gudawa. Sai in ƙurajen sun ruɓe ne likita zai duba ya zaɓi wanda ya dace.

Farasitamol kaɗai zaka bashi, shima da awo, miligiram 10 zuwa 15 kan kowane kilo na nauyin yaro, duk bayan awa 6, kar ya wuce sau 4 a kwana ɗaya. Ka yi amfani da ɗan kofin awon da yazo da maganin ba cokalin shayi ba. Kuma a kula, magungunan mura da tari da yawa akwai farasitamol a cikinsu, kar a haɗa biyu a ninka masa ba'a sani ba.

Ga abubuwan da in ka gani ba jira ba kiran waya, asibiti kawai: zazzaɓin ya wuce kwana 4, ko ya sauka sannan ya dawo da ƙarfi, ko wurin wani ƙurji yayi ja ya kumbura yana zafi ko yana fidda mugunya, numfashi da sauri ko da ƙyar, yaro ya cika barci ba'a iya tada shi, wuya ya sanƙare, yana tangaɗi in yana tafiya, jijjiga, amai ba tsayawa, fitsari ya ɗauke, ko ƙurajen suna zubda jini. In dare ne kuma ba mota, 112 ko 767 su ne lambobin gaggawa na Legas. Wani abu kuma, mu nan zazzaɓin cizon sauro baya tafiya hutu don yaro na ƙaranbau, in zafin yayi yawa a masa gwajin maleriya. In kuma yaron sikila ne, ko yana shan sitiroyid, ko garkuwar jikinsa ta raunana, to tun ranar farko ake kai shi asibiti, akwai maganin asaikulobiya da yafi aiki in an fara shi cikin awa 24 da fitowar ƙuraje.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Idi-Araba: Ina da ciki wata 7, gidan haya muke irin mai ɗakuna suna kallon juna, bayi ɗaya kicin ɗaya. Yaran maƙwabciyata biyu sun kamu kuma kullum a ɗakina suke wuni. Ban san ko na taɓa yi ina ƙarama ba. Akwai matsala?

Amsa: Ƙanwata ke ce wadda nafi damuwa da ita fiye da yaran. Ciwon nan a jikin yara yakan zo da sauƙi, amma a jikin babba musamman mai ciki yana iya sauka a huhu ya zama nimoniya mai tsanani, kuma hatsarin yafi yawa a watannin ƙarshe irin naki. Ta iska yake yaɗuwa, tari da atishawa da numfashi, da kuma taɓa ruwan ƙurajen, mai ciwon ma yana fara yaɗawa kwana 1 zuwa 2 kafin ƙuraje su fito, ma'ana kafin kowa ya ankara kin riga kin shaƙa. A gida ɗaya, cikin mutum 10 da basu taɓa yi ba har 9 na iya kamuwa.

Ki fara kiran mahaifiyarki ko wata yayarki ki tambaya, in sun tabbatar kin taɓa yi to kusan kin tsira, don da wuya mutum yayi sau biyu. In basu da tabbas, kar ki jira ranar awo, ki je gobe ki faɗa musu kin zauna da masu ƙaranbau, ga asibitin koyarwa na LUTH nan kusa da ke. Amma ki faɗa tun a bakin ƙofa kar ki shige cikin layin masu ciki ki zauna. Akwai gwajin jini da ke nuna ko kina da garkuwa, akwai kuma maganin kariya da likita zai iya baki. Ki sa ido daga kwana 10 zuwa 21 bayan haɗuwar, a tsakanin nan yake bayyana, in kika ga ƙurji ko ɗaya ki koma a ranar. Mafi hatsari ga jariri shi ne uwa ta fito da ƙuraje daga kwana 5 kafin haihuwa zuwa kwana 2 bayanta. Yaran kuma a dakatar da su daga ɗakinki, nasan da nauyi a faɗa wa maƙwabciya haka amma ki ce likita ne yace, ki ɗora min laifin.

Tambaya daga wani matashi a Alaba Rago: Ya ake bambance ƙaranbau da ƙyanda da kuma ƙyandar biri?

Amsa: Ƙyanda tana zuwa da tari da majina da jan ido, ƙurajenta ƙanana ne ja marasa ruwa, daga fuska da bayan kunne suke gangarowa, kuma tafi ƙaranbau kisa nesa ba kusa ba. Ƙyandar biri, wadda ta sake ɓulla a Najeriya a 2017, ƙurajenta sun fi tauri da zurfi da ciwo, sukan fito har tafin hannu da ƙafa da al'aura, ga kaluluwa a wuya ko hammata ko matsematsi. Ƙaranbau kuwa yafi taruwa a ciki da baya, ƙaiƙayi yafi ciwo yawa. In ana kokwanto a je asibiti a duba, hoto a WhatsApp baya wadatarwa.

Tambaya daga wani malamin Islamiyya a Obalende: Yara uku sun kamu a ajina. Yaushe ya kamata su dawo, kuma babu rigakafi ne? Iyayen suna cewa ai sun yi duk alluran.

Amsa: Malam Allah ya saka da alheri da ka tambaya. Su zauna a gida har sai duk ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo, babu ko ɗaya mai ruwa, yawanci kwana 5 zuwa 7 daga fitowarsu. Ba sai ɓawon ya zube ko tabon ya ɓace ba, kar a riƙe yaro wata guda a gida saboda tabo. Kuma ka sa rai nan da sati biyu wasu zasu biyo baya, haka yake zagaya aji, ka sanar da iyaye tun yanzu musamman gidan da ke da mai ciki ko jariri ko mara lafiya.

Iyayen gaskiya suka faɗa, sai dai allurar da suke nufi ta ƙyanda ce wadda ake yi a wata 9 da wata 15, ita bata kare ƙaranbau. Rigakafin ƙaranbau akwai shi, wani likitan Japan Michiaki Takahashi ne ya samar da shi a 1974, Amurka ta fara amfani da shi a 1995, amma baya cikin jerin alluran kyauta da ake yi a asibitocin gwamnati a nan, sai a asibitoci masu zaman kansu ake biya. Sau biyu ake yi, daga shekara 1 zuwa sama, ba'a yi wa mai ciki ko mai raunin garkuwa. In aka yi wa wanda ya zauna da mai ciwon cikin kwana 3 zuwa 5 yana iya hana ciwon ko ya rage ƙarfinsa. Kai ma Malam ka binciki kanka, in baka taɓa yi ba to kai ne ka fi yaran buƙatar allurar, ka je cikin kwanakin nan kafin lokacin ya wuce.