Yawan eriya ba shi ne ƙarfin Wi-Fi ba

Daga Agege: Malam, na sayo rauta, wato na'urar raba Wi-Fi, mai eriya shida a Computer Village da ke Ikeja, amma a uwar ɗaki sandar sigina ɗaya nake samu. In ƙaro doguwar eriya?

Alhaji, riƙe kuɗinka. Hoton da ka turo ya isa: rauta a ƙasa, bayan talabijin, eriyoyin a kwance sun cakuɗe da wayoyin caja. Wannan ɗabi'a tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ka ɓoye ta kamar kayan sata, kana kuma zarginta!

Eriya ba ta ƙara wa rauta ƙarfi. Doguwa matse siginar take yi, ta bazu gefe da gefe, sama da ƙasa kuma su rasa, shi ya sa take cutar mai gidan bene. Amfanin yawan eriyoyi shi ne aika bayanai ta hanyoyi da dama lokaci guda, wato MIMO, da ya zo tare da tsarin Wi-Fi na 802.11n a 2009. To, yawancin wayoyi eriya ɗaya ko biyu ke cikinsu. Kuma ko rauta ta ƙwala kira, sai wayarka ta iya mayar da amsa ta cikin bangon nan.

Bangon shi ne matsalarka. Rauta kan watsa sigina a zango biyu, 5 GHz da 2.4 GHz: zangon 5 GHz ya fi gudu, amma bulo da kankare mai rodi suna cinye shi. Na 2.4 GHz ya fi ratsa bango, sai dai cunkoso: rautocin maƙwabta da Bluetooth duk a kansa suke. Ɗaga rauta sama a tsakiyar gida, ka tsayar da eriyoyin, ka shiga saitin rauta ka sa 2.4 a tasha ta 1, 6 ko 11, domin su ne ba sa hawa kan juna. Ni dai kullum raba sunayen zangon biyu nake yi: 5 a falo, 2.4 a ɗaki.

Daga Idi-Araba: Sunan Wi-Fi ɗinmu ya ƙare da 5G. Mun samu 5G ke nan?

A'a, Hajiya, 5 GHz ake nufi. 5G na layin waya ne, wanda MTN ta fara a Najeriya a 2022.

Daga Mile 12: Kyamarar tsaron shagona ta ƙi haɗuwa da rauta.

Yawancin masu araha 2.4 kaɗai suka sani. Mayar da wayarka kan 2.4, ka sake haɗawa.