Sautin VLC ƙasa-ƙasa, na YouTube kamar zai tsaga sifika, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da kwamfuta ta tebur mai Windows 10 a shagona, wallahi abin ya ishe ni. In na kunna karatu a VLC sai na kasa kunne kafin in ji, amma da na buɗe YouTube a Chrome sai ƙara ta tashi har kwastoma ya firgita, kuma duk sanda aka kira ni ta WhatsApp ɗin kwamfuta sai komai ya yi ƙasa. Wani mai gyara ya ce katin sauti ne ya fara mutuwa, ko a yi format ko a sa min manhajar ƙara sauti. Tsorona kar in rasa takardun mutane. Daga mai shagon buga takardu, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, katin sautinka lafiyarsa ƙalau. Katin da ya lalace ai ba ya zaɓen manhaja, ba zai yi wa VLC rowa ya sakar wa Chrome ba.

Tun Windows Vista a 2007 kowace manhaja ma'auninta na sauti daban ne, kuma kwamfuta na riƙe inda aka bar shi ko bayan an kashe. Kunna VLC da YouTube lokaci guda, ka danna hoton sifika da ke kusa da agogo da maɓallin dama na mawus, ka zaɓi Open Volume mixer. Ina kyautata zaton za ka tarar VLC na kan 15 ko 20, Chrome kuma can sama, wataƙila wani yaron shago ne ya ja shi tun bara. Daidaita su, sannan ka leƙa ma'aunin cikin VLC ɗin kansa.

Batun kira kuwa da gangan Windows ke yi. Danna maɓallin Windows da R, rubuta mmsys.cpl, shiga Communications, za ka ga an saita a rage sauran sauti da kashi 80 in kira ya shigo. Mayar da shi Do nothing, shike nan. In kuma karatun ne dama da waya aka ɗauke shi daga sahun baya na masallaci, to a wannan tagar ka shiga Playback, Properties na sifikarka, Enhancements, ka kunna Loudness Equalization. Ba kowane direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin sauti, ke da shi ba amma yawancin na kamfanin Realtek suna da shi, yana ɗaga mai rauni ya danne mai ƙarfi.

Yanzu bari in zo kan manhajar ƙara sautin nan, don kusan kullum sai an kawo min aikin da ta ɓata kuma na gaji da maimaitawa. Mutane sun ɗauka wani ƙarfi ne aka ɓoye a cikin kwamfuta manhajar za ta tono shi, har ka ji ana alfahari wai nawa yana kai kashi 600. Haba jama'a! Sauti yana da rufin da ba ya wucewa, in ka tura shi sama da nan sai a aske kan igiyar sautin ta zama shafaffiya, shi ne wannan karkarwar da kake ji kamar ana yaga leda, kuma ita ce ke dafa siririyar wayar da aka naɗa a cikin sifika har ta ƙone. Kwanakin baya wani matashi ya kawo min sifikunsa biyu, ina kai hanci na ji ƙauri, ya rantse wutar lantarki ce ta yi masa, da na kunna kwamfutar ga manhajar nan zaune a kusa da agogo an murɗe ta har ƙarshe, ga tallace-tallace na ta faɗowa don ta sata ya sauke. Kuma abin haushin ma ba ta warware matsalarka, in ta hau kan kwamfutar gaba ɗaya VLC zai ɗan taso, YouTube da dama yake ihu sai ya ninka.

Sifika dai ana sayen wata a kasuwa. Kunne fa? Ƙananan ƙwayoyi masu gashi na can cikin kunne, waɗanda da su muke ji, in ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron ƙara mai desibel 80, wato ma'aunin ƙarfin sauti, na awa 40 a mako, da an haura haka lokacin sai ya riƙa raguwa da sauri. Ka ga yaro da iyafis a kunne an ninka sauti, sai saƙo ya shigo ƙarar ta soke shi, da dare yana jin wani siii a kunne ya ce iska ce. Mai gyaran da ya sa masa ya karɓi kuɗinsa tuni, ba shi zai bi layin asibitin kunne ba.

Shi kuma mai cewa a yi format saboda ma'auni ɗaya ya sauka, Allah ya shirye shi, aikin minti biyu ne yake so ya mayar na yini guda da takardun mutane a ciki. Kar ka ba shi. In ka yi abubuwan nan uku bambancin bai tafi ba, duba cikin saitin sauti na Windows a App volume and device preferences ko an tura VLC wata sifikar daban, kamar ta jikin allo, ka mayar da shi Default.