Komawa digiri na biyu ba tare da barin aikin al'umma ba

'Yar'uwa, kin tambaya ko ki ajiye aikin raya al'umma don komawa digiri na biyu, yanzu da yara suka tasa. A ganina ki rage shi kawai, ki nemi karatun ƙarshen mako. Digirin yakan ci shekara 1 zuwa 2, kuma a rubutun bincike aka fi maƙalewa. Ke kuwa maudu'i na hannunki: famfon da kwamitinku ya gyara, me ya sa ya sake lalacewa, wa ke riƙe kuɗin gyaran? Amma ki nemi izinin mutanen kafin ki rubuta komai a kansu. Tun yanzu ki koya wa mataimakiyarki riƙe littafin kuɗi, don lokacin jarrabawa ba za ki samu zuwa taro ba.