Wane kifi ne zai cinye mini gansakukar nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata takwas ke nan da na haɗa akwatin kifin ruwan gishiri a falona, lita 120 yake ci, da duwatsu da 'yan murjani masu rai. Yanzu koriyar gansakuka mai kama da gashi ta rufe duwatsun, har ta fara hawa kan murjanin. Mai kawo mini kaya daga Legas ya ce in sayi kifin tang ruwan ɗorawa, zai share ta tas. In saya? Daga mai karatu a Hotoro.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, don Allah kada ka saya. Gaskiya ne tang ruwan ɗorawa, wanda masana ke kira Zebrasoma flavescens, gwanin cin gansakuka ne, amma ba a akwati irin naka ba. Kifi ne da ke kaiwa kusan santimita 20, kuma yini yake yana iyo yana kiwo kamar akuyar da aka saka a saura. Masu kiwonsa kan ba shi akwatin lita 350 zuwa sama. In ka matse shi a lita 120 zai takura, kuma tang da ya takura shi ne na farko wajen kamuwa da cutar fararen ɗigo. Maganinta da aka fi sani mai sinadarin tagulla ne, wanda ke kashe murjani da dodon koɗi, don haka ba ka da halin zuba shi a akwatinka. Ga kuma tsada. Asalin kifin daga tekun Hawai ne, kuma tun 2021 da kotu ta dakatar da kamun kifin ado a can kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi.

Wanda ya dace da kai shi ne ɗan kifin nan bleni mai suna Salarias fasciatus. Ba shi da kyan tang, launinsa kamar na dutse, idanunsa a saman kai, yakan kafa haɓa a kan dutse yana bin mutanen falo da kallo. Amma ka leƙa gilashin da safe, za ka ga sawun leɓensa jere inda ya kankare gansakuka, kamar an yi ta danna ɗan yatsa a kan ƙura. Guda ɗaya tak za ka saka, don biyu faɗa za su yi ta yi, kuma ka rufe saman akwatin saboda yana tsalle. Ka haɗa masa da dodon koɗin teku irin trokus guda biyar ko shida. Na fi son su saboda in sun faɗo rigingine suna iya juyawa da kansu.

Sai dai ka sani, bleni ba ya son gansakukar da ta riga ta yi tsawo. Ka fara tsige ta da hannu, ka goge duwatsun da tsohon buroshin haƙori, shi kuma ya riƙe maka sabon tsiro. In akwatin ya yi fes, ka riƙa duba cikinsa. Da ka ga ya shafe, yunwa ce. Ka maƙala masa busasshen ganyen teku da ake kira nori, wanda ba gishiri ba yaji.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne ba ka faɗi irin ruwan da kake zubawa ba. Gansakuka ba ta tsirowa haka kawai, sinadaran naitiret da fosfet take ci, sai haske. A zafin Kano ruwan akwati yana ƙafewa da sauri, kullum kana ƙari. In da ruwan rijiyar burtsatse ko fiya wata kake cikawa, to duk abin da ke cikinsa yana taruwa, tunda ruwan kaɗai ke tashi. Ka nemi matatar RO, wadda ke tace sinadaran da ke cikin ruwa, ka rage abincin da kake watsa wa kifin, ka tsayar da fitila a kan awa 8 a rana, ka kuma kawar da akwatin daga hasken taga. Ba kifin da zai iya tsere da gansakukar da ake yi wa taki kullum.

Tambaya: Malam, ina da kifin fileko a akwatin ruwan daɗi, yana share gilashi sosai. Zan iya mayar da shi akwatin ruwan gishiri? Daga wata baiwar Allah a Tarauni.

Amsa: Hajiya, a'a. Fileko kifin kogunan Kudancin Amurka ne, ruwan teku kuwa gishirinsa giram 35 ne a kowace lita, zai kashe shi. Wanda ke iya jurewa shi ne kifin moli, in aka saba masa a hankali, ana ƙara masa ruwan gishirin ɗigo-ɗigo na tsawon sa'o'i masu yawa, ko ma kwanaki. Yana tsintar gansakuka mai laushi, ga araha, sai dai igiyar ruwa mai ƙarfi tana wahalar da shi.

Tambaya: Nawa akwatin lita 450 ne. Tsakanin kifin kole tang da kifin foksfes wanne zan ɗauka don cin gansakuka? Akwai kuma wani jan abu mai yauƙi a kan yashin. Daga Rijiyar Zaki.

Amsa: Alhaji, dubi irin gansakukarka tukuna. Haƙoran kole kamar buroshi suke, aikinsa kankare datti mai launin ruwan ƙasa da ke manne wa dutse da gilashi. In mai gashi ce ko mai ganye, foksfes ya fi, amma ƙayoyin bayansa suna da dafi mai raɗaɗi, abin lura ne a gidan da yara ke tsoma hannu, kuma in yunwa ta kama shi yakan ciji murjani. Jan abin nan kuwa ƙwayoyin bakteriya ne, duka biyun ba mai ci. Ka zuƙe shi da tiyo, ka ƙara motsin ruwa a wurin.

Kafin ka biya kuɗin ko wanne, ina da tambaya: me ke riƙe famfon akwatin in an ɗauke wuta? Murjani na son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 27, mu kuwa a watan Afrilu garin kan haura 40, kuma ruwa mai ɗumi iskar shaƙarsa kaɗan ce. Wata bazara wuta ta ɗauke mini cikin dare, da asuba na tarar da kolena kwance a kan yashi, bayan shekara biyu ina kiwonsa, ƙananan kifayen kuma suna ta haki a saman ruwa. Har yau abin na yi mini ciwo. Ka fara ɗora famfon a kan inbata ko sola, ka tanadi na'urar sanyaya ruwa, sannan ka ce a sako maka kifin a jirgi.