Amsa: Campione d'Italia ta Suwizalan ce ko ta Italiya?

Malam, ka tambaya ko Campione garin Suwizalan ne tunda a tsakiyar yankin Ticino na Suwizalan ka gan shi a taswira. A'a, na Italiya ne, a ƙarƙashin lardin Como na Lombardiya, sai dai ƙasar Suwizalan ta kewaye shi ta ko'ina, a gaɓar tafkin Lugano.

Asalin abin tun shekarar 777 ne, lokacin da wani mai mulkin wurin, Totone, ya yi wasiyya da filin ga babban limamin cocin Milan, daga baya filin ya koma hannun gidan sufayen Sant'Ambrogio na Milan. Da Suwizalan ta karɓe yankin Lugano a 1512, ba ta taɓa shi ba saboda dukiyar coci ce. Sojojin Napoleon ne suka raba shi da sufayen a 1797. Kalmar "d'Italia" kuwa a 1933 aka ƙara ta, zamanin Mussolini.

Faɗinsa murabba'in kilomita 2.68, mafi yawansa ma ruwa ne. Mutanensa ba su kai 2,000 ba, Italiyanci suke ji.

Inda baƙi ke rikicewa shi ne kuɗi da kwastan. An saba ciniki da faran, kuɗin Suwizalan, amma tun 1 ga Janairu 2020 garin ya shiga tsarin kwastan na Tarayyar Turai, don haka kayan da ka sayo a Lugano sun ƙetare iyaka ke nan. Gidan cacar da garin ya dogara a kansa ya karye a 2018, an sake buɗe shi a 2022.