Fatawa: Fita tsibiri a jirgin ruwa da leƙen kifi a cikin teku

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina zaune a Mabera cikin Sakkwato, wata biyu ke nan da aurena. Na yi niyyar kai iyalina tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya mu yi kwana bakwai. Cikin abubuwan da masu shirya tafiyar suka lissafa mana akwai fita ta yini guda. Za a ɗauke mu a jirgin ruwa na katako da ƙarfe 9 na safe, a tsaya a hanya kowa ya sa gilashin fuska da bututun numfashi ya kwanta a kan ruwa yana kallon kifaye da murjani, a ci abinci a wani tsibiri, a dawo da la'asar sakaliya. Jirgin na haɗaka ne, mutum kamar 20, yawancinsu Turawa, kuma kuɗin ya haɗa da abinci da abin sha, har da giya ga mai so, mu dai lemo za mu sha. Da baffana ya ji sai ya ce haramun ne, wai akwai hadisin da ya hana hawa teku sai don hajji ko umara ko jihadi. Ni da ita ba wanda ya iya ruwa, amma an ce akwai rigar da ke hana nutsewa. Shin hadisin nan ya hana mu tafiya?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sanya alheri a aurenku, ya ba da zuri'a ɗayyiba.

Ɗana, hadisi ka tambaya, kuma zan ba ka amsarsa. Amma abin da hukuncin tafiyarka ya rataya a kansa, kai da kanka ka faɗe shi a tsakiyar wasiƙa ka wuce da sauri kamar mai tsallake kwata: jirgin na haɗaka ne, ana zagayawa da giya a cikinsa. Can za mu dawo.

Asalin fitar halal ce. Mutum ya huta da iyalinsa, ya koyi iyo, ya dubi halittar Allah a ruwa, babu mai jayayya a kan wannan. Ruwan teku mai tsarki ne, ka yi alwala da shi, abin da aka kamo a cikinsa kuma ka ci, har da su ƙaguwa da jatan lande da za a gasa muku, domin a mazhabarmu duk dabbar ruwa halal ce.

Hadisin da baffanka ya kawo ba ƙirƙirarsa ya yi ba. Yana cikin Sunan na Abu Dawud, daga Abdullahi ɗan Amr, kuma ƙarshensa yana cewa a ƙarƙashin teku akwai wuta, a ƙarƙashin wutar akwai teku. Sai dai bai inganta ba. A cikin isnadinsa, wato jerin mutanen da suka ruwaito shi, akwai Bishr Abu Abdillah yana karɓowa daga Bashir ɗan Muslim, mutum biyu da malaman hadisi ba su san halinsu ba. Imamul Bukhari ya ce hadisin bai inganta ba, Khaɗɗabi ya ce malamai sun raunana isnadinsa, a wannan zamani ma Albani ya sa shi cikin masu rauni. Ba a haramta wa mutane abin da Allah ya halatta da irin wannan.

Mu ƙaddara ma isnadin ba shi da aibi. Ina za mu kai mutumin da ya zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce muna hawa teku da ɗan ruwa kaɗan, in muka yi alwala da shi ƙishirwa za ta kama mu? Wannan yana cikin Muwaɗɗa, duk ɗan makarantar zaure ya biya shi. Mutumin bai ce hajji yake zuwa ba, Annabi kuma bai ce masa me ya kai ku teku ba, ya ba shi hukuncin ruwan ya ƙara masa da na mushen kifi. Ina za mu kai ayoyin da Allah yake yi mana gori da jiragen da ke keta ruwa domin mu nemi falalarsa, a Suratun Nahli da Faɗir da Jasiya? Bukhari ya ƙulla babi sukutum a kan fatauci ta teku. In aka ɗauki hadisin nan a kan zahirinsa, masunci ya zama mai saɓo, ɗan kasuwa ya zama mai saɓo, mutumin Zanzibar ɗin nan da za ka je ma ba shi da ikon tsallakawa tsibirin Pemba ya gaida mahaifiyarsa. Babu malamin da ya taɓa faɗin haka.

Wasu sukan ƙara da cewa ai Sayyidina Umar ya hana Mu'awiya kai mayaƙa ta teku. Gaskiya ne ya hana. To amma dubi abin da ya hana: jihadi ne, ɗaya daga cikin ukun da hadisin ya keɓe ya ce a hau dominsu. Ka ga ashe ba da hadisin ya yi aiki ba. Tsoron halakar Musulmi ne ya sa shi, a lokacin da Larabawan Madina ba su san ruwa ba, jiragen kuma ba abin dogaro ba ne. Shi ɗin dai a zamaninsa aka riƙa kawo hatsi daga Masar zuwa Hijaz ta jiragen ruwa. Da Sayyidina Usman ya hau sai ya ba da izini, aka tafi yaƙi tsibirin Ƙubrus, cikin tafiyar har da mace, Ummu Haram 'yar Milhan, wadda Annabi ya yi wa albishir da wannan hawan tun tana Madina.

Malamanmu na Malikiyya sun tattara zancen a layi ɗaya. Shehu Khalil a Mukhtasar, a babin hajji, ya ce teku kamar tudu take, sai fa in halaka ta fi rinjaye, ko in mutum zai tozarta wani rukuni na salla saboda jirin ruwa. Game da mace kuma ya ce hawan teku ba ya kanta sai in an keɓe mata wuri. Ƙin da Imamu Malik ya yi wa mata su hau teku daga nan ya taso, daga ƙuncin jirgi da cuɗanya da bayyanar tsiraici. Riƙe waɗannan abubuwa uku, halaka da salla da sutura, su ne ma'aunin tafiyarka.

Yanzu jirginku. Hadisin da ya hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da giya sananne ne, bai ce sai in kai ma kana sha ba, saboda haka zancen lemo bai fisshe ka ba. A ƙasa abin da sauƙi. Ka shiga gidan abinci ka ga an fara buɗe kwalabe, ka ja hannun matarka ku fita. Jirgin ruwa ba shi da ƙofa. Da zarar an ɗaga anga, kai da amaryarka kuna kan benci ɗaya da mutum 18 na tsawon awa bakwai ko takwas, gwiwa na gugar gwiwa, sanduƙin ƙanƙara a tsakiya ana miƙa kwalba ta gabanka, kusan kowa da ɗan kamfai, maza da mata. Runtse ido a nan sai dai ka kalli ƙafarka yini guda. Da wani larura ne ya sa ka, kamar jirgin sama da ba ka da wani sai shi, da zancen ya canza. Wannan kuwa yawon shan iska ne, ka sani tun kafin ka biya, kuma kana da mafita. A kan wannan siffa da ka faɗa, bai halatta ka shiga ba, kuma bai halatta ka shigar da ita ba.

Mafitar ba ta da wuya. Mutanen Zanzibar mafi yawansu Musulmi ne, masu jiragen ma haka. Ka ɗauki shatar ƙaramin jirgi ku biyu, ko ku haɗa kuɗi da wani gida irin naku, ka faɗa musu tun a wajen ciniki cewa ba giya. Zai fi tsada. In kuɗin bai kai ba, rage kwana ɗaya a otal, ko ku bar fitar. Kada dai ka ci bashi saboda ita, kada kuma ka taɓa jarin shago. A tsibirin ba za ku rasa ganin wasu baƙi ba, wannan kamar kasuwa ne, yashi da faɗi, ku matsa gefe.

Sai zancen rashin iya ruwa, wanda ka ambata kamar ba komai ba. Ni a wurina shi ne na biyu a nauyi. Ɗan Sakkwato da iyakar saninsa da ruwa leƙen Gulbin Rima daga kan gadar Kwalkwalawa, kada ya ɗauka teku wani babban gulbi ne. A gare ku rigar kariya wajibi ce, tun daga hawa har sauka, a ɗaure da maɗaurinta, domin wadda aka rataya a kafaɗa da an faɗa ruwa take haurowa wuya. Wanda ya ce maka ai ajali ɗaya ne, ko ai wanda ruwa ya ci shahidi ne, ka ce masa haka ne, amma akwai ruwaya a Musnad na Imamu Ahmad cewa wanda ya hau teku lokacin da take hauka ya mutu, to babu alhakinsa a kan kowa. Ba a neman shahada da ganganci. In matuƙi ya ce yau iska ta yi yawa, kada ka matsa masa don ka riga ka biya. In ka ga an cika jirgi fiye da kima, sauka. Mu nan ba sai an ba mu labari ba: a 2021 jirgi ya kife a yankin Warrah ta jihar Kebbi da mutum fiye da 100, a 2022 aka yi asarar yara da matasa a Shagari. Can ma Zanzibar ɗin, a 2011 wani babban jirgi da aka yi wa lodi fiye da ƙarfinsa ya nutse a hanyar Pemba, ɗaruruwa suka tafi.

Leƙen kifin kansa ba nutso ba ne, kwanciya ce rub da ciki a saman ruwa. Abin da ke cutar da baƙo shi ne firgita: ruwan gishiri ya shiga bututu, ya shaƙa, ya ɗaga kai da ƙarfi, ya fara kokawa da wanda ke kusa. Ku fara gwadawa a inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Kada ku taka murjani, halitta ce mai rai da ke daɗewa kafin ta tofo, ɓata ta ɓarna ce a bayan ƙasa, ga shi tana yanka, ga wata dabba mai ƙaya da ke laɓewa a gindinta.

Game da iyalinka. Yadin da ke sutura a bushe, in ya jiƙe sai ya zama mai tona asiri. Doguwar riga da hijabi mai faɗi kuma haɗari ne a ruwa, suna nauyi suna naɗe ƙafa. A nemo mata kayan iyo masu rufe jiki duka, masu kauri, da babban mayafi a bakin tsanin jirgi da za ta yafa da ta fito. Kai ma wandonka ya rufe daga cibiya zuwa gwiwa. Na san akwai sassauci a mazhaba kan cinyar namiji, amma ba a gaban matan mutane ba. Masu rakiya sukan kama hannun wanda bai iya ruwa ba su ja shi. Ka ce a ba ta zoben nan mai iyo ta riƙe, shi ya ja igiyar. Amma ka ji ni da kyau: in ta shiga wani hali a ruwa, duk namijin da ya fi kusa ya cafko ta, wajibi ne a kansa. Kishi ba shi da wuri a nan. In kuma ta ce tana tsoro, ƙyale ta a cikin jirgi, kada ka ce ai an biya. Hotunanta da jiƙaƙƙun kaya su tsaya a wayarka, ko a wayar ma gara babu.

Salla. Tunda kun yi niyyar kwana bakwai, kun wuce kwana huɗun da ke yanke hukuncin tafiya, cikawa za ku yi, fitar tsibirin kuma ba ta kai nisan ƙasaru ba. Haɗa azahar da la'asar saboda tafiya, a mashhurin mazhaba rangwame ne na tafiyar tudu banda ta ruwa, kuma ba ku da buƙatarsa, domin azahar za ta same ku a kan yashi kuna jiran abinci. Ku yi ta a can, ko da kaya a jiƙe. Wasu tsibiran tudun yashi ne kawai da ruwa ke rufewa in ya cika, saboda haka ku sallata da wuri. Agogonsu yana gaban namu da awa 2. Abin da zai fi ruɗa ka shi ne alƙibla. Ka tashi ka ga ana fuskantar gabas har sunan alƙibla ya koma gabas a bakinmu, to Zanzibar tana kudu da Makka kusan a miƙe, arewa za ka fuskanta. Tambayi matuƙin, ya fi wayarka sani. In la'asar ta kusa fita kuna kan ruwa, yi ta a jirgi, a tsaye in za ka iya, a zaune in jiri ya hana. Amai ba ya karya alwala, wanke baki da inda ya taɓa. Kada ka sa fitar ranar Juma'a, ga masallatai birjik a garin.

Baffanka kuwa, kada ka ɗauki wannan amsa ka je ka karanta masa a gaban mutane. Dattijon da ya sha jin labarin waɗanda gulbi ya ci, in ya ce maka haramun, rabin maganar tsoro ne. Same shi shi kaɗai bayan la'asar, ka durƙusa, ka ce Baffa na tambaya, an ce hadisin akwai magana a kansa, amma an hana ni jirgin haɗaka, an kuma wajabta mini rigar kariya. In mahaifiyarka tana raye kuma hankalinta ya ƙi kwanciya da zancen ruwan nan, bar shi, ku tsaya a bakin teku ku jiƙa ƙafa.

Wallahu a'alam.